Manhaja ta tsaya: a sayar da hannun jarin dillalin ko a riƙe?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura ya tambaya: yana da hannun jari a wani kamfanin dillancin hannayen jari na intanet, manhajarsu ta ƙi buɗewa ranar da kasuwa ta yi zafi, shin ya sayar ne kafin farashi ya faɗi? Malam, masu zuba jari sun rabu biyu a kan wannan.

Ɓangaren farko cewa suke a sayar, don dillali amana yake sayarwa. Wanda ya danna "sayar" sau goma allo yana ta juyawa, ya buɗe bayan awa uku ya tarar jarinsa ya zube, gobe zai kwashe kayansa. Ga kuma tarar da hukuma kan ci dillalin. Ranar 2 ga Maris 2020 manhajar Robinhood, wani dillalin intanet na Amurka, ta tsaya wuni guda cur, ranar da ma'aunin kasuwar hannayen jari na Dow Jones ya tashi da maki kusan 1,300. Kamfanin ya ce cunkoso ne ya durƙusar da tsarin DNS ɗinsa, wato mai nemo adireshin na'urori a intanet. A Yunin 2021 hukumar FINRA mai sa ido kan dillalai a Amurka ta ɗora masa kusan dala miliyan 70, tara da diyya, kuma wannan tsayawar tana cikin laifuffukan.

Ɓangare na biyu, masu cewa a riƙe, sun fi hujja, a ganinmu. Manhaja takan faɗi ne ranar da masu ciniki suka yi mata yawa, wato ranar da dillali ya fi samun la'ada. Wata biyu bayan waccan tsayawar, manyan masu jari suka zuba wa Robinhood dala miliyan 280. Ta shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq a Yulin 2021 a kan dala 38 kowane hannu, a 2022 ta koma ƙasa da dala 10, kuma ba na'ura ce ta kayar da ita ba, ciniki ne ya ja baya.

Amma a bambanta abu biyu. A karar Mai'aduwa, dillalin da wayarsa ta mutu daban, wanda aka ce ya kawo kuɗin shanun mutane ya fara kame-kame daban. Ranar 28 ga Janairun 2021 manhajar Robinhood lafiyarta ƙalau, amma ta hana sayen hannun jarin kamfanin GameStop, saboda cibiyar da ke daidaita ciniki ta nemi ajiyar jingina ta kusan dala biliyan 3. Sai da kamfanin ya tattaro dala biliyan 3.4 cikin 'yan kwanaki. Irin wannan ce ke taɓa mai hannun jari, don kuɗin gaggawa yakan rikiɗe ya zama sababbin hannaye, kasonka ya ragu.

Saboda haka kafin ka sayar, duba ko dillalai da yawa ne suka tsaya tare, kamar yadda dillalan Amurka Schwab da Fidelity suka yi ranar 5 ga Agustan 2024, ko naka ne kaɗai, kuma karo na nawa ke nan. Sannan jira rahoton da kamfanin ke fitarwa duk wata uku: idan kuɗin da abokan ciniki ke shigarwa ya fi wanda suke fitarwa, fushin na baki ne.

Idan kuma da manhajar kake ciniki a kasuwar hannayen jari ta Nijeriya (NGX), hannayenka suna ajiye a CSCS, cibiyar ajiyar hannayen jari, ƙarƙashin lambar shaidarka a can, wato CHN. Rubuta lambar a takarda, ka ajiye lambar wayar teburin cinikin dillalin, ka ɗauki hoton allo mai nuna lokaci duk sanda oda ta maƙale. Da shi za ka kai ƙorafi ga dillalin, in bai saurare ka ba ka wuce SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari.