Miksa mai kwano ko ta hannu: wacce ta dace da ƙaramin kicin?

Amarya, kin ce kicin ɗinki ko mutum biyu ba ya ɗauka, kina tambaya ko ki sayi ƙaramar miksa mai kwano, irin wadda ake girkewa a kan kanta, ko ta hannu ma ta wadatar. Kafin maganar wuri, me kika fi kwaɓawa?

In kek ne, bugun bota da sukari, ko ƙullun ƙosai da kike so ya tashi, ta hannu ta gama miki komai. Nauyinta bai wuce kilo 1 da ɗan abu ba, kowace roba kika ga dama za ki tsoma ta, kina gamawa ki ɗauraye ƙarafunan ki jefa a durowa. Ga sauƙin kuɗi.

Inda take gazawa shi ne kwaɓi mai ƙarfi, na burodi, donat ko cincin. Ko da an haɗo miki da 'yan ƙugiyoyin nan biyu, kwaɓin sai ya dinga nannaɗe su yana hawa sama, hannunki ya sage, can ki fara jin ƙaurin waya. A nan mai kwano ta yi mata fintinkau: ki sa ƙugiyar murza, ki kunna, ki koma kan miyarki. Sai dai a hankali ake murza kwaɓi da ita. Kamfanin KitchenAid mai ƙera miksa ma ya ce kada gudunta ya wuce lamba 2, don gudun wahalar da injin.

Amma fa ƙarama ƙarama ce. 'Yar ƙaramar KitchenAid kwanonta lita 3.3 ne, wato kusan rabin kilo na fulawa take murzawa cikin daɗin rai. Na gida ya isa har da ragi. Cincin ɗin sallah kuwa, na mudu uku ko huɗu, dole kashi-kashi kina hutar da ita, kuma wallahi wani lokacin gara ki jawo baho ki sa ƙarfinki.

Ki lura a kasuwa, akwai wadda ta hannu ce kawai aka ɗora a kan mazaunin roba, kwanon na juyawa. Kama ce take da mai kwano, ƙarfin kuwa na ta hannu ne. Ki ɗaga ki ji. Ta gaske tana da nauyi, ƙaramar KitchenAid ɗin nan ta haura kilo 6, shi ya sa ba ta tafiya a kan kanta in kwaɓi ya yi tauri.

Batun wuri, ki auna tsayin da ke tsakanin kanta da kabad ɗin sama, domin kan miksa mai kwano ɗagawa yake in za a cire kwanon. In kin san sai an mayar da ita kwali bayan kowane aiki, ki haƙura da ita, ƙyuyar saukewa za ta hana ki amfani da ita.

Sai wuta. Ƙarfin tamu volt 220 zuwa 240 ne, na ta Amurka 120. In gwanjo za ki saya ko tsaraba aka kawo miki, ki duba rubutun ƙasanta tukuna. In 120 kika gani, kada ki kuskura ki jona sai da taransifoma.