Sun kifin fayik a kan ƙanƙarar dam a Dakota ta Arewa: kayan aiki, farashi da dokoki

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masuntanmu na Yawuri, Tiga da bakin Kainji, waɗanda suka sha tambaya ko da gaske ne a nan Amurka mutane na tuƙa mota a kan ruwa su je su. Gaskiya ne, kuma ga bayanin yadda abin yake a tafkin Sakakawea da ke jihar Dakota ta Arewa.

Tafkin ba na Allah da Annabi ba ne, dam ne. Sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ya tare kogin Mizuri da madatsar Garrison, aka fara aikin a 1947 aka toshe kogin a 1953, ruwa ya taru ya yi tsawon kusan kilomita 290. Ruwan ya cinye yawancin gonakin ƙabilu uku na asali, Mandan da Hidatsa da Arikara, labarin da ba zai zama baƙo ba ga duk wanda aka tayar da kakanninsa daga tsohuwar Bussa. Daga Disamba lunguna da ƙafofin tafkin sukan daskare, tsakiyarsa kuma sai daga baya. A Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 20 zuwa 30, kuma kafin ƙarshen hunturu kaurin ƙanƙara yakan kai santimita 60 har fiye.

Kifin da ake nema shi ne fayik, dogo ne mai baki irin na agwagwa, kore da ɗigon fari-fari, bakin cike da haƙora masu kallon ciki. A halin farauta ya fi kusa da tsagen mu: yakan laɓe ne cikin ciyawa ya jira, sa'annan ya yi wuf. Tun 1969 jihar ta ɗauke shi a matsayin kifinta na alama, kuma mafi girma da aka taɓa rubutawa a jihar, mai nauyin kilo 17, daga wannan tafkin aka fitar da shi a 1968. Wanda aka saba kamawa dai kilo 2 ne zuwa 5.

Abu na farko da zai ba mutumin gida mamaki shi ne wannan sun ba sana'a ba ce. Doka ta hana sayar da fayik ɗin da ka kama da fatsa. Ka ci, ka bayar kyauta, ko ka mayar ruwa. Saboda haka duk kuɗin da ake kashewa ba ya dawowa, kuma in aka yi lissafi da idon basira, kaso mafi yawa na kuɗin yaƙi da sanyi yake tafiya, kama kifin kansa ba shi da tsada.

A fara da mahudi, wato abin huda rami a ƙanƙara. Ramin fayik yana buƙatar faɗin inci 8 aƙalla, inci 10 ya fi, don kan babban kifi ya samu shiga. Mahudin hannu, wanda ake juyawa da ƙarfin damtse, yakan kama daga dala 60 zuwa 100, kuma yana wadatarwa a farkon hunturu lokacin da ƙanƙara ba ta wuce santimita 20 ba. Da ta kai rabin mita, rami uku sun isa su jiƙa mutum da gumi, gumi kuwa a wannan sanyin haɗari ne, domin da an tsaya zai huce a jikin riga. Shi ya sa yawanci suka koma na batir, irin na StrikeMaster ko Ion ko Eskimo, a kan dala 400 zuwa 600. Na fetur yana nan amma kasuwarsa na ja baya saboda wahalar tashi da hayaƙi a cikin tanti. Matsalar na batir ɗaya ce: sanyi na shanye cajin, don haka ake ajiye batirin cikin riga ko cikin mota sai lokacin huda. Wuƙaƙen mahudi ma suna da laifinsu a dam. Iska na kwaso yashi daga gaɓar da ruwa ya janye ta zuba a kan ƙanƙara, rami ɗaya a irin wannan wurin ya isa ya dakushe su. Kuma a nan ba a samun maƙeri a bakin kasuwa da zai wasa maka nan take. Ko ka sayi sababbi ko ka aika kamfani ta gidan waya ka jira. A wannan fannin gida ya fi su nesa ba kusa ba.

Ainihin abin kamun kuwa, wanda za mu kira tarko mai tuta, shi ne mafi arha, dala 15 zuwa 40. Katako ne ko roba da ake gittawa a bakin ramin. A ƙasansa akwai ƙwaryar zare da ke zama cikin ruwa, a sama kuma tuta ce a kan waya mai lanƙwasa da aka maƙale a jikin sandar da ta haɗa su. Idan kifi ya ja, ƙwaryar ta juya, sandar ta juya, tutar ta kuɓuce ta miƙe. Dalilin nutsar da ƙwaryar shi ne ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka zaren ba ya daskarewa. Abin da ke daskarewa shi ne fuskar ramin, sai ta riƙe tarkon. Maganinsa a rufe ramin da faifan soso, ko a sayi tarko mai siffar faranti da ke rufe ramin gaba ɗaya, kuma a riƙa kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da ludayi mai huji. Iska ma na tayar da tuta a banza. Sai a juya tarkon yadda iskar za ta riƙa danna tutar a maƙalinta maimakon ta fizge ta.

Ga yadda ake ɗaura shi. A naɗa saƙaƙƙen zare baƙi mai ɗaukar nauyin kilo 15 zuwa 20, kimanin mita 45. Ana zaɓar mai kauri ne saboda da hannu za a ja, siririn nailan kuwa yana yanka yatsa kuma yana cukurkuɗewa a kan ƙanƙara. A ƙarshensa a sa majuyi, ɗan ƙarfen da ke hana zare murɗewa, sa'annan waya ta ƙarfe mai laushi tsawon santimita 30 zuwa 45, domin haƙoran fayik na datse zare kai tsaye. A kan wayar akwai ƙugiya biyu masu baki uku-uku, tazararsu kamar faɗin tafin hannu. Ɗaya a bayan kan kifin da aka sa a matsayin abinci, ɗaya kusa da wutsiya, yadda zai rataye a kwance kamar kifi mai rai. Abincin da aka fi sa wa babban fayik mataccen kifi ne daskararre, dangin sardin mai maiƙo da ƙarni, tsawon santimita 15 zuwa 25. A huda cikinsa da tsinin wuƙa iskar ta fita, in ba haka ba zai taso ya manne a ƙasan ƙanƙara kana can kana jira. A auna zurfin da darma mai maƙali, a ɗaga abincin santimita 30 zuwa 60 daga ƙasa, a sa alama a zaren da maɓalli don kada a sake aunawa kowane lokaci.

Inda za a huda shi ne ilimin. A farkon hunturu da ƙarshensa fayik na cikin lunguna marasa zurfi, mita 1 zuwa 4, kusa da ragowar ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye. A tsakiyar hunturu yakan koma bakin gangare da kan tsohuwar hanyar rafi da ke ƙarƙashin dam. Watan Maris ne lokacin manya, saboda mata masu ƙwai suna taruwa a bakin rafuka suna jiran ƙanƙara ta narke su shiga ciyawa su zuba. Masu hankali ba sa jera tarkuna a zurfi ɗaya: ɗaya a mita ɗaya da rabi, ɗaya a uku, ɗaya a kan gangare, duk wanda ya fara tashi sai a matso da sauran. Akwai na'urar leƙen ƙasan ruwa irin ta Vexilar ko Humminbird, ɗaruruwan daloli, amma a sun fayik da tarko ba dole ba ce. Taswirar zurfi a waya ta fi ta amfani.

Idan tuta ta tashi, a taka a hankali, domin a ruwa marar zurfi kifi na jin takun mutum a sama. A ɗaga tarkon a ajiye gefe, a kama zaren, a tattara sako-sakon har a ji nauyi, sai a fizga sau ɗaya gajere. Da irin wannan ƙugiya biyu ba a jira ya haɗiye. Jira ne ke sa ƙugiya ta shige maƙoshi ta kashe kifin da ake son saki. In ya gudu a bar zaren ya sulale tsakanin yatsu, kada a naɗa a hannu. Yawancin manyan kifaye a bakin rami suke kuɓucewa: kifin ya zo a gicciye, ƙugiya ta kama gefen ƙanƙara, mai su ya ja da ƙarfi, shi ke nan. Sai an yi haƙuri kansa ya juyo sama ya shiga ramin, sannan a sa yatsu ƙarƙashin murfin kunnensa, ba cikin jan naman ba, don akwai ƙayoyi masu yanka. A tanadi doguwar filaya da abin buɗe baki. Wanda za a saki a mayar da shi nan da nan, saboda idanu da kunnuwansa na daskarewa a iska.

Batun lafiyar ƙanƙara ba wurin wasa ba ne, kuma hukumar kifi da namun daji ta jihar na wallafa ma'auni: inci 4 don masu tafiya a ƙasa, inci 6 don babur ɗin ƙanƙara, inci 8 zuwa 12 don ƙaramar mota, 12 zuwa 15 don a-kori-kura. Wannan na sabuwar ƙanƙara ce garau. Fara mai haɗe da dusar ƙanƙara rabin ƙarfin take da shi. Dam kuma ya fi tafki zalla haɗari, saboda ana ci gaba da sakin ruwa don wutar lantarki duk hunturu. Ruwa na gudana a tsohuwar hanyar kogi yana cin ƙanƙara ta ƙasa, tsayin ruwan na canjawa ya karya ta a bakin gaɓa, ga kuma tsagogi inda manyan farantan ƙanƙara biyu ke turereniya su yi tudu. Ba a ƙetare irin wannan tudun da mota. Mai tafiya a ƙasa yana riƙe da sandar ƙarfe mai kaifi yana sara gabansa. In sara ɗaya ya fito da ruwa, a juya ta inda aka fito. A wuya kuma a rataya tsinken ƙarfe biyu masu mariƙi, kuɗinsu bai kai dala 15 ba, su ne ake kafawa a ja jiki waje in an faɗa. Wanda ya faɗa yana da kamar minti ɗaya ya daidaita numfashi, da kamar minti goma kafin hannuwa su daina aiki. Iya ninƙaya irin ta Kabawa ba ta ƙara wa mutum waɗannan mintunan.

Tanti mai naɗewa da murhun gas suna ƙara wasu ɗaruruwan daloli, amma su ke ba da damar a wuni, har a yi salla a ciki ba tare da yatsu sun ƙage ba. Sai dai a bar kafar iska a buɗe koyaushe, domin hayaƙin gas marar wari na kashe mutane a rufaffen tanti. Takalmi mai rufi da ƙugiyoyin hana santsi da safar hannu ta canji sun fi tantin muhimmanci, kuma a nan ne arha ke cutarwa.

Inda suka fi mu a fili shi ne hidimar hukuma. Lasisin su ana sayensa a waya cikin mintuna, yana aiki daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, kuma na mazaunin jiha ya fi na baƙo sauƙi sosai. Doka a rubuce take, kyauta, a kowane shagon kayan su: tarko huɗu ga mutum ɗaya a kan ƙanƙara, kada ya yi nisa da su fiye da mita 45, fayik biyar a rana. Ba a shigo da abincin kifi mai rai daga wata jiha, don gudun baƙin halittu da cuta. Ramin da ya wuce inci 10 sai an sa masa alama in za a tafi. Masu mashi ma suna da nasu tsarin, a cikin duhun ɗan ɗakin su da ake kafawa a kan babban rami, har zuwa 15 ga Maris, ranar da kuma ake kwashe ɗakunan da ake bari a kan ƙanƙara. Kuɗin lasisi da harajin kayan su na komawa aikin kifi, kuma a gindin madatsar akwai gidan ƙyanƙyasa na gwamnatin tarayya da ke fitar da 'ya'yan fayik ana zubawa a ruwayen jihar. Mu ma muna da cibiyar binciken kifi a Sabuwar Bussa da dokar girman idon taru, ga sarakunan ruwa da suka san kowane gurbi. Bambancin shi ne a nan jami'i na iya zuwa har kan ƙanƙara ya ƙirga kifinka, kuma ba a sasantawa da shi.

Ga masu tambayar abin da ya cancanci a aiko gida: wayar ƙarfe da majuyi da ƙugiyoyi masu baki uku za su yi aiki a kan tsage da giwan ruwa, ba su da nauyi, ingancinsu kuma ya fi yawancin na kasuwa. Doguwar filaya da rigar hana nutsewa ma haka. Mahudi da tarko mai tuta kuwa ba su da aiki inda ruwa ba ya daskarewa.

Naman fayik fari ne, ba shi da maiƙo, kuma na ruwan sanyi ya fi ƙarfi da daɗi. Aibinsa jerin ƙananan ƙayoyi masu reshe biyu da ke cikin tsokar baya. Ana kauce musu da yanka biyar: a zare tsokar saman baya daga bayan kai zuwa fiffiken baya, a zare gefe biyu ta wajen layin ƙayoyin, sa'annan gefe biyu na wutsiya inda babu su. Sai dai a bar wannan yankan sai an isa gida, domin a hanya doka na son kifin ya kasance yadda jami'i zai iya ƙirgawa. Matsakaici mai kilo 2 zuwa 3 ya fi dacewa da tukunya, manyan tsofaffi sun fi tara sinadarin makuri mai guba a jiki, kuma yawancinsu mata ne masu ƙwai. Yana karɓar yaji da suya sosai, amma a farfesu a sa shi daga ƙarshe, minti goma sun isa, in ya wuce haka zai watse.