Fawa-fak mai shiru a garin ƙura: wanne za ka saya?

Sai da na koma sola na san ashe kwamfutata mai surutu ce. Na yi shekaru ina aikin gyaran murya da haɗa bidiyon biki a wani ɗan ɗaki a Samaru, janareta na ruri a bayan taga, ban taɓa jin motsinta ba. Da aka haɗa mini inbata, wani dare na kunna makirfo zan ɗauki karatun wani dattijon malami, sai ga wani "huuu" ya shimfiɗe a ƙarƙashin muryarsa tun daga bisimilla har fatiha. Da na kunna masa ya saurara, sai ya zare abin kunne ya ce, "Ɗana, injin niƙa gare ku a maƙwabta?" Na ce, "Allah gafarta malam, injin yana nan ƙarƙashin tebur." Akwatin ƙarfen nan ne da ke bayan kwamfuta, inda wayar wuta ke shiga, wanda masu gyara a PZ da Sabon Gari ke ce wa fawa-fak.

Kafin ka zaro ko kobo, tabbatar shi ne mai laifin. Kwamfutar tebur tana da fanka a kan firosesa, wata a jikin akwati, wasu a kan katin hoto, wato wanda ke zana hoto a allo, kuma kowace tana iya zama mai kukan. Buɗe murfin gefe tana aiki, naɗe takarda kamar bututu, kara baki ɗaya a kunne, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Fankar akwati kana iya dafa tsakiyarta da yatsa na ɗan lokaci ka ji ko ƙarar ta ɗauke. Ta fawa-fak kam kada ka cusa mata tsinke ko sukundireba, kada ma ka kwance murfinsa, don akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya. Irin kukan shi zai gaya maka ciwon. Shuuu na iska, fanka ce ke gudu don zafi ya yi yawa. Gar-gar kamar tsohon babur, gindin fankar ne ya cinye. Tsiii siriri kamar sauro a kunne, naɗin wayoyin ciki ne ke rawa, wannan kuwa ko babu fanka sam zai yi. Zzz ɗin da ba ya tashi sai an ɗauke wuta an koma kan inbata, wannan maganarsa daban, za mu zo kanta.

Aikin fawa-fak shi ne ya karɓi wutar bango mai bolt 230 ya sauke ta zuwa 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke ci. Wajen sauyin nan wani kaso yana zubewa ya zama zafi, zafin kuma shi ke sa fanka gudu. A nan tambarin 80 PLUS ya shigo, mai nuna yawan wutar da fawa-fak ke isarwa ba tare da ta zube ba, wanda aka fara bayarwa a 2004. Idan na'ura tana ɗauke da rabin kayan da za ta iya, mai tambarin Bronze tana isar da kashi 85 cikin ɗari, Gold kashi 90, Platinum kashi 92. Da wuta mai bolt 115 ta Amurka aka auna waɗannan. A kan irin tamu sukan ɗan fi haka. Yi lissafi da kanka. Kwamfuta na neman wat 400: Bronze zai ja kusan 470 daga bango, 70 ya zama zafi a cikin ɗan akwatin da bai kai kwalin takalmi ba. Gold zai ja kusan 444, zafi 44. Platinum kusan 435, zafi 35. Daga Bronze zuwa Gold an yi tsalle na gaske, har batirin solarka zai shaida. Daga Gold zuwa Platinum wat tara ne kacal, kuma kuɗin da za a caje ka a kai gara ka sa shi a wani wuri. Ni a Gold nake tsayawa.

Sai dai 80 PLUS ba ya auna ƙara ko kaɗan. Akwai Gold mai ihu. Masu auna ƙara su ne wani kamfanin gwaji mai suna Cybenetics, kuma akan buga sakamakon a jikin kwali da desibel, ma'aunin ƙara: A++ ƙasa da desibel 15, A+ daga 15 zuwa 20, A daga 20 zuwa 25, A- daga 25 zuwa 30, abin da ya haura nan sai ka ga an rubuta Standard. Kunnen mutum yana jin ƙarin desibel goma kamar an ninka ƙara sau biyu, saboda haka tazarar 20 da 30 ba ƙarama ba ce. Ga mai aikin ofis A- ta wadatar. Mai makirfo a ɗaki ɗaya da kwamfuta ya nemi A ko sama.

Yanzu ga inda zaɓin yake, kuma inda shawarar mutanen ƙasashen sanyi ba ta cika yi mana daidai ba. Masu shiru iri uku ne.

Akwai wanda ba shi da fanka ɗungurungum, jikinsa duk huji, iskar ɗaki kawai ke sanyaya shi. Kamfanin Seasonic na Taiwan yana yin irinsa a jerin Prime Fanless, har mai wat 700. Shiru kam ya kai shiru. Amma ka tuna ɗakinka a watan Afrilu, kwano a sama, ƙarfe biyu na rana, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Na'urar da ta dogara da iskar ɗaki, idan iskar ɗakin da kanta wuta ce, me ya rage mata? Zafin nata kuma cikin akwatin kwamfuta yake tashi, sai sauran fankoki su ƙara gudu don fitar da shi, ka ga an gudu ba a tsira ba. Ga tsada, ga wuyar samu. In ba ɗakinka na da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta mutuwa ba, ka bar wa masu ita.

Na biyu shi ake yayi yanzu: fankar tana kwance ba ta motsi sai kaya sun yi nauyi ko zafi ya kai wani mataki. Corsair suna ce masa Zero RPM, kamar a jerin RMx, Seasonic kuma Hybrid Mode a jerin Focus da Prime. Yawanci fankar ba ta tashi sai an kai wajen kashi 30 zuwa 40 na ƙarfin na'urar. Wato mai wat 750 da ke jiran kashi 40, sai ka ja wat 300 zai motsa, kuma rubutu da intanet da ɗaukar murya ba su kusa da nan. Da hunturu, abin sai wanda ya gani, ka rantse kwamfutar a kashe take. Da bazara labari kan canza. Zafin ɗaki yakan ajiye shi daidai bakin iyaka, fanka ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi, wani ma da ɗan "ƙas" duk lokacin da ta farka. Wallahi wannan ya fi ƙara mai ɗorewa cin rai, don kunne yana sabawa da abin da bai canzawa, amma ba ya sabawa da mai zuwa yana komawa. Shi ya sa in za ka sayi irin wannan, juya bayansa ka duba ko akwai ɗan maɓalli kusa da makunnin wuta. Na Seasonic da yawa suna da shi. Ka danna, fanka ta riƙa juyawa a hankali kullum. Daga Maris zuwa saukar damina ka bar ta tana juyi, sauran shekara ka bar ta ta yi barcinta.

Na uku fankarsa ba ta tsayawa, amma babba ce mai tafiyar hawainiya. Kamfanin be quiet! na Jamus ya daɗe a kan wannan hanya, a jerin Pure Power da Straight Power. A takarda sai ka ga kamar ya gaza na biyu, a kunne kuwa daga nisan taku biyu ba ka jin komai, kuma kayan cikinsa ba sa taɓa zama cikin zafi babu iska. Aibinsa ɗaya: fankar da ba ta hutawa ba ta daina shaƙar ƙura. Wanda ya taɓa share tebur da safe a watan Janairu ya dawo da azahar ya rubuta sunansa a kai da yatsa ya san abin da nake nufi. Ƙura ta kwanta a kan ƙarafan sanyaya, zafi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu, na'urar da ka saya don shiru ta koma irin ta kowa cikin shekara guda. Maganin ba a fawa-fak yake ba, a akwatin yake: wanda ake ɗaura shi a ƙasa, fanka na kallon ƙasa, da raga mai zarewa a ƙarƙashi. Kuma kada a ajiye kwamfuta a kan darduma ko kafet, a ɗora ta kan katako ko benci.

In ka tambaye ni, tsakanin na biyu mai maɓalli da na uku, duk wanda ka samu na asali a farashi mai sauƙi, ɗauka.

Fankar kanta, milimita 120 ce mafi ƙanƙantar da zan yarda da ita, 135 ko 140 ta fi, don babba tana tura iska ɗaya da ƙarama ba tare da ta yi gudu ba. Gindin da take juyawa a kai ma a duba. Mai arha ɗan bututu ne kawai kamar hannun riga, da ɗan mai a ciki, zafi ya busar da man, ƙura ta shiga, sai gar-gar. Mai ƙwallayen ƙarfe yana jure zafi amma yana da ɗan gurnani. Wanda aka rubuta wa FDB, mai yawo a kan ruwan mai da aka rufe, shi ne ya haɗa shiru da daɗewa.

Batun wat ba ya buƙatar dogon zance. Kwamfutar ofis marar katin hoto da ƙyar take wuce wat 150, mai kyau na 450 ko 550 ya ishe ta har da canji. Mai katin hoto matsakaici, 650 zuwa 750. Sababbin katuna manya na Nvidia suna da soket mai ƙafa 16, su sai ka nemi wanda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1. Abin da zan ja kunne a kai shi ne lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin marasa suna. Duba ɗan jadawalin gefe, nemo layin 12V, ninka amfiyarsa da 12. In an ce wat 650 ne amma layin ya ce amfiya 20, wat 240 ke nan a inda ake bukata. Ɗaga shi ma ka ji. Wanda na cire daga tawa, da na riƙe shi a hannu ɗaya sabon a ɗayan, kamar gwangwanin madara ne da bulo.

Sai maganar wutarmu, wadda ba a rubuta ta a kwalin kowa ba. Nemi wanda aka rubuta 100–240V a jikinsa. Irin wannan, ranar da aka kawo wutar nan mai ja kamar aci-balbal, zai ci gaba da aiki ba tare da ya damu ba. Tsofaffi masu jan maɓalli na 115 da 230 a baya, ka yi nesa da su. Yaro ya tura shi gefen 115, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Masu kyau na zamani kusan duka suna da wani sashe mai daidaita jan wuta da ake kira Active PFC, kuma shi sau da yawa ba ya shiri da wutar ƙananan UPS (akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) da inbata masu arha, wadda ke tafiya tsalle-tsalle kamar matakala maimakon lanƙwasa sumul irin ta layi. Wannan ne zzz ɗin da na ambata. Wani lokaci ma ana ɗauke wuta kwamfutar za ta mutu alhali UPS na kunne. In inbatarka ba a rubuta mata pure sine wave ba, ko ka sayi fawa-fak mafi tsada a duniya zai iya yi maka kukan ƙudan zuma. UPS mai 650VA kuma abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, a sa wannan a lissafi. Sitabilaiza mai ƙas-ƙas duk minti ita ma surutu ce, a fitar da ita bayan ƙofa. Hadari ya haɗo da tsawa, a zare waya daga bango, babu tambarin da ke tare aradu.

Da yawanmu a Zariya kwamfutocin ofis na hannu muke saya, Dell OptiPlex da HP EliteDesk 'yan sirara. Yawancinsu fawa-fak ɗinsu da soket ɗinsu na gidansu ne, na kasuwa mai ƙafa 24 ba zai shiga ba, ko a akwatin ma ba zai zauna ba. Mai irin wannan kada ya wahalar da kansa da duk abin da na lissafa. Ya kai a hure masa ƙura da bulawa, in bai yi ba a nemo irinsa sak da lambar da ke jiki.

Masu sunan da na ambata ba kullum ake samunsu a shagunan gari ba, sau da yawa sai an aiko daga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Ikeja. Garantin shekara 10 da Corsair ke ba RMx, ko 12 na Seasonic Prime, ni ban ɗauke shi a matsayin abin da zan je karɓa ba, alama ce kawai ta yadda maƙerin ya yarda da kayansa. Garantin da zai yi maka aiki shi ne na bakin mai shago. Ba za ka taɓa jin ƙarar fanka a shago ba, ga janareta, ga masu Keke Napep, ga mai tallan magani da lasifika. Ka ce masa, "Alhaji, zan kai gida in saurara da dare, in ya yi kuka zan dawo da shi jibi," a rubuta a rasit. Na hannu kuwa, in wayoyinsa masu cirewa ne, tabbatar nasa ne na asali. Bakinsu yakan shiga na wani kamfani daram, amma jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙone faifan ajiyarka da aikin shekara.

Ni mai wat 650 na ɗauka, Gold, fanka 120 mai FDB, da maɓallin nan a baya. Ragar ƙasa ina wanke ta duk Juma'a biyu da hunturu, sau ɗaya a wata da damina. Da malam ya dawo muka sake ɗaukar karatun, huuu ɗin ta tafi. Sai dai da ɗakin ya yi tsit, makirfo ya fara kamo wani ɗan ƙir-ƙir da ban taɓa ji ba. Na bi shi da bututun takarda, ashe tsohon faifan ajiya ne mai juyawa. Yanzu kuɗin SSD, faifan ajiyar da ba ya juyawa, nake tarawa.