Giya ta maƙale a P: riwaya ko sauya giyabos?

Ɗan'uwa, ka ce sandar giyar motarka ta maƙale a P, wato fakin. To, tsakanin giyabos ɗin Beljiyam da bakanikenka ya ce ka sayo da kai motar wurin riwaya, ka fara da riwaya. Sandar giya da ta ƙi fita daga P yawanci matsalar wuta ce, cikin giyabos lafiya lau.

Motar otomatik haka aka ƙera ta, sandar ba ta motsi sai ka taka birki. Akwai ɗan makunni a saman fedar birki. Shi ke kunna jar fitilar baya, shi kuma ke tura wuta ga ɗan makullin da ke ƙarƙashin sandar, wanda makanikai ke kira solonoyid. In makunnin ya mutu ko fis ɗinsa ya ƙone, ko ka tsaya a kan birkin sandar ba za ta saki ba.

Tawa a gidan mai ta yi min haka, motoci a bayana ana ta danna min hon. Wani dattijon riwaya da ke tsallaken titi ya zo, ya tura yaronsa bayan motar, ya ce "Alhaji, taka birki." Fitila ba ta kama ba. Ya ɓamɓare ɗan murfin da ke gefen sandar da bakin sukuddireba, ya zura mukulli a ramin ya danna, sai ga sandar ta sauko N, wato firi. Muka tayar da motar a haka zuwa rumfarsa, ya sauya makunnin. Abin da ya karɓa ko rabin tankin mai bai kai ba, Allah ya saka masa.

Kai ma gwada hakan yau: wani ya duba maka fitilar, kai kuma ka kasa kunne kusa da sandar. In ana taka birki kana jin ɗan "ƙas", makullin na aiki. In kuwa sandar na yawo sakaka amma giya ba ta shiga, galibi robar bakin kebul ɗin da ke haɗa sandar da giyabos ce ta cinye, ita ma ƙaramar gyara ce.

Sauya giyabos yana da ranarsa: mota na ihu ba ta gaba, man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna. Ba ka ambaci ko ɗaya ba.

In ma an kai can, ka yi hattara. Wasu 'yan kasuwa giyar da ta sha wahala a titunanmu suke wankewa da fetur su ce daga jirgi aka sauke ta. Kada ka biya sai da rubutacciyar yarjejeniyar kwanakin gwaji. Haka man giya, jabu ya yi yawa. Duba abin da littafin motarka ya ce, Toyota akwai masu shan man giya T-IV akwai masu shan WS, kada kowa ya ce maka duk ɗaya ne.

Nemi riwaya mai kwamfutar duba mota, kada ka yarda a kwance giyabos kafin ya gama.