Dotarem ko Gadovist: wace sabga ce ta fi a hoton MRI?

Hausawan Jidda da Makka sun saba jin likita ya ce a yi hoton MRI "da sabga", wato da maganin da ake yi wa mutum allurarsa a jijiya domin hoton ya fito sarai, kuma da yawa suna ɗauka irin wadda ake yi a hoton CT ce. Ba ita ba ce. Ta CT aidin ce, ta MRI kuwa ƙarfe ne da ake kira gadoliniyam. Biyu daga cikin waɗanda aka fi gani a ɗakunan hoto su ne Dotarem na kamfanin Guerbet na Faransa da Gadovist na Bayer na Jamus, kuma su za mu auna a nan.

Na'urar MRI ba ta ganin maganin kansa, ruwan jiki take gani. Tana tura igiyar rediyo ta karkatar da ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa, sannan ta saurari yadda suke komawa daidai da maganaɗisun da ke cikin na'urar. Lokacin komawar shi ake kira T1. Gadoliniyam yana da ilaktiron guda 7 marasa abokan haɗi, saboda haka shi kansa ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai ƙarfi. Ƙwayar ruwa takan manne masa, ta koma daidai da sauri, ta sauka wata ta hau, sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Duk inda maganin ya taru, T1 ya gajarta, wurin ya yi haske. Ƙari a ƙwaƙwalwa yana fitowa fari ne domin jijiyoyinsa suna yoyo, alhali na lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba sa barin maganin ya wuce.

Sai dai gadoliniyam tsirara guba ne, girmansa ya yi kusa da na kalsiyam har yana toshe hanyoyinsa a jiki. Don haka ake kulle shi cikin wani sinadari mai riƙe shi. Tsofaffin magunguna irin su Magnevist, wanda ya fito a 1988, da Omniscan, riƙonsu buɗaɗɗe ne. A 2006 aka gano alaƙar irin waɗannan da wata cuta mai sandarar da fata da gaɓoɓi a masu ciwon ƙoda mai tsanani, a 2014 masu bincike a Japan suka nuna alamar ƙarfen yana saura a ƙwaƙwalwa, a 2017 kuma hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da allurar wasunsu a jijiya. Dotarem da Gadovist duka zobe ne rufaffe, ƙarfen na tsakiya. A wannan fanni babu wanda za a kushe a cikinsu, ko da yake a gwajin ɗakin bincike Dotarem yana cikin mafi ƙarfin riƙo.

Bambancin da ke jawo kuskure yana cikin kwalba. Adadin da ake ba mutum ɗaya ne, milimol 0.1 (ma'aunin yawan sinadarin) a kowane kilo na nauyin jiki. Amma Dotarem milimol 0.5 ne a mililita, Gadovist kuwa 1.0. Mai kilo 70 zai karɓi mililita 14 na Dotarem, ko mililita 7 na Gadovist. Ma'aikacin da hannunsa ya saba da na farko, in aka sauya masa kwalba bai duba ba, sai ya ninka wa majinyaci magani. Kuma ninkin ba ya ninka haske. In maganin ya yi kauri ƙwarai, yana gajarta wani lokacin da ake kira T2, wato daɗewar siginar kafin ta dusashe, har siginar ta mutu, shi ya sa ƙasan mafitsara, inda ya fi taruwa, kan fito baƙi ƙirin a hoto.

Gadovist ya fi haske kaɗan: a na'ura mai Tesla 1.5 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ƙarfinsa na gajarta T1 ya kai wajen 5, na Dotarem wajen 3.6. A hoton jijiyoyin jini da neman ƙananan ƙari ana iya ganin amfanin wannan. A hoton ƙwaƙwalwa na yau da kullum, da wuya bambancin ya sauya abin da likita zai rubuta. Illar Gadovist ita ce ƙanƙantar adadin da kaurin ruwan: mililita 7 na iya maƙalewa a bututu in ba a bi shi da ruwan gishiri wajen mililita 20 ba. Ga jariri mai kilo 5, rabin mililita ke nan, aunawa sai da ƙaramin sirinji, kuma a nan Dotarem ya fi sauƙin sarrafawa. Kowanne aka yi, a hoton ƙwaƙwalwa a jira kamar minti 5 kafin a ɗauka, gaggawa tana ɓoye ƙananan tabo.

Ƙoda ce ke fitar da su. Mai lafiya yakan fitar da rabi cikin kusan awa ɗaya da rabi, mafi yawan sauran kafin a kwana. Wanda gwajin aikin ƙodarsa, wato eGFR, ya gaza 30, ko yake wankin ƙoda, sai likitansa da likitan hoto sun yi shawara. Dattawanmu masu ciwon suga da hawan jini, musamman wanda ya sha zafin Makka bai sha ruwa sosai ba, kada su dogara da tsohuwar takardar gwaji, a sake sabuwa. Mai juna biyu ta faɗa tun a wajen rajista, ba a yi mata sai da larura babba. Mai shayarwa kuwa abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, yawancin likitoci ba sa hana ta ci gaba. Tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki da sanyi a hannu suna wucewa da kansu. Kumburi da zafi a wurin allura alama ce maganin ya fita daga jijiya, a matsa ƙararrawar da aka ba ka a hannu nan take.

Mata su cire fil ɗin mayafi da na gashi, a kuma goge kwalli in hoton kai ne, domin wani yana da ƙarfe a ciki yana ɓata hoton gefen ido.

A ganinmu, hoton jijiya da farautar ƙaramin ƙari Gadovist ya ɗan yi gaba, ga yara ƙanana da aikin kullum Dotarem ya wadatar. Wanda za a maimaita wa hoto duk bayan 'yan watanni ya nemi a rubuta sunan maganin da adadin mililita a rahotonsa, domin likita ya kwatanta hotunan a kan ma'auni ɗaya.