Kallin roba mai zare ɗaya: ga kamu, ga ɓarna

A wajen masu sayar da kayan kamun kifi a Sakkwato, kallin roba mai zare ɗaya, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya maƙale a idonta, ya fi na murɗaɗɗen zare araha, kuma masunta daga Goronyo zuwa Kware sun karɓe shi. Suna da hujja. Kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa, ba ya shan ruwa ya yi nauyi, mutum ɗaya na iya jan sa cikin kwalekwale. Ga karfasa kuwa, kamunsa ya fi.

Matsalar tana wajen ƙarko. Rana tana cin zaren, ya bushe ya riƙa karyewa. Ƙullin idon yana zamewa, don haka ɗinki ba ya zama. Ƙurungu ɗaya in ya cusa ƙayarsa, sai an yanka ido biyu ko uku kafin a fitar da shi. Shi ya sa da ya tsufa ake kwance darma da igiya, a watsar da sauran a bakin gulbi.

Wannan saura ba ya ruɓewa. Yana ci gaba da kamu ba mai shi: kifi ya maƙale ya mutu, warinsa ya jawo tarwaɗa, ita ma ta maƙale. Ambaliyar Agusta kan kwashe shi, Rima ta bi da shi ta Argungu zuwa Neja, ita kuwa Neja a tekun Atlantika take zubewa. Ayu da kunkurun teku iska suke shaƙa. In zare ya riƙe su ƙasa, nutsewa suke yi. Wanda ya ragargaje kuma ya koma ɓurɓushin da ƙananan kifaye ke haɗiya.

Wanda zai saya ya auna idon da kansa, kada ya dogara da bakin mai shago. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3. In ya saya, ya ɗaure bakin kallin biyu da turke ko dutse, ya sa jarka alama, ya ɗebe shi in ruwa ya fara ƙaruwa, ya shanya a inuwa. Tsumman ya tara a buhu ya hau da shi tudu.

A dam da tafki, inda ruwa ke kwance, ana iya lallaɓa mai zare ɗaya. A gulbi mai gudu da kututture, na murɗaɗɗen zare ya fi, domin yana ɗinkuwa.