Kwalekwale daga Whitehorse zuwa Dawson: inda kamfanin ya cika alkawari da inda ya gaza

Duk wanda zai biya dubban dalolin Kanada don a kai shi tuƙin kwalekwale a kogin Yukon, ya sani cewa kwalekwalen da tantin ba su ne abin da ya saya ba. Waɗannan a Whitehorse ma ana ba da hayarsu da rahusa, mutum ya kama hanyarsa shi kaɗai. Abin da kuɗin ke saya shi ne idon jagora, wato wanda zai dubi sararin sama ya ce yau ba za a shiga ruwa ba, kuma ya tsaya a kan maganarsa ko da kowa ya ɓata rai. A nan kamfanin da na bi ya fita kunya. A wasu wuraren kuwa da sauran aiki a gabansu.

Tafiyar ta kai kilomita ɗari bakwai da 'yan kai, daga Whitehorse, babban birnin yankin Yukon a arewa maso yammacin Kanada, zuwa garin Dawson. Ita ce hanyar da dubban masu neman zinariya suka bi a 1898, bayan an gano zinariya a wani rafi kusa da kogin Klondike a 1896. Mun tafi a farkon watan Yuli, mutum biyu a kowane kwalekwale, kaya a tsakiya. Ni ban taɓa riƙe filafili ba sai a ɗan tafkin shaƙatawa, kuma shafin kamfanin ya ce ba a buƙatar ƙwarewa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya.

Rabin da suka ɓoye sunansa tafkin Laberge. Ba a jima da barin Whitehorse ba sai kogin ya buɗe ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita hamsin, ruwan ya daina tafiya, kowane taku sai da ƙarfin damtse. Ga iska da ke tasowa ba sallama. Muna cikin tuƙi ruwa lumui, jagorarmu ta ɗaga filafili ta nuna gaɓa, ta ce kowa ya fita. Wani Bajamushe a cikinmu ya yi ta ƙorafi, wai ba mu biya kuɗi don mu zauna a kan duwatsu ba. Kafin shayi ya tafasa, tafkin ya rikiɗe, igiyar ruwa na tashi da farar kumfa a kai. Ruwan nan sanyinsa na ƙanƙara ne, wanda ya kife nesa da gaɓa hannuwansa za su sandare kafin ya iyo ya fita, komai iya ruwansa. Shi ya sa ba ta taɓa bari mun yi nisa da gaɓar dama ba, kuma rigar kariya ba a cire ta sai ƙafa ta taka ƙasa. Mun kwana a nan ba da niyya ba. Ban ji ta ba kowa haƙuri ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta bayar ba. Laifin na ofis ne: da sun faɗa tun farko cewa wannan tafki shi ne wuyar aikin, kuma akwai masu tsallakar da mutane da jirgi mai inji, da kowa ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Daga ƙarshen tafkin sai lada. Yankin da suke kira Thirty Mile, har zuwa inda kogin Teslin ya shigo a Hootalinqua, shi ne mafi kyawun abin da na gani a tafiyar duka. Ruwa garau, kore-kore, kana hango tsakuwar ƙasa tana gudu a ƙarƙashinka, kogin na ɗauke da kai fiye da saurin mai sassarfa. Aikinka kawai ka saita kan jirgi a kwana. Mikiya mai farin kai a saman itatuwa, kuma da sassafe mun ci karo da wata ƙatuwar dabba da suke kira mus, mai dogayen ƙafafu, tsaye cikin ruwa tana cin ciyawa, ko kallo ba mu ishe ta ba. A wani tsibiri kusa da Hootalinqua akwai gawar tsohon jirgin ruwa mai tururi da aka jawo tudu aka bari, itatuwa sun tsiro kewaye da shi. Irinsa ne suka riƙe sufurin kogin har shekarun 1950, da aka yi hanyar mota sai kasuwarsu ta mutu, ƙauyukan masu saran itacen da jiragen ke ƙonawa su ma suka watse.

Kayan aiki ba ni da ta cewa. Tanti bai yi yoyo ba, jakunkunan da ruwa ba ya shiga sun yi aikinsu, akwai wayar tauraron ɗan'adam tunda sabis ɗin waya ya ɗauke tun ranar farko. Jakar barcin da suka ba ni haya ce ba ta kai ba, dare na yin sanyi ko a tsakiyar bazararsu. Ka zo da taka.

Abinci ne ya ɓata mini rai. Tun wajen rajista na rubuta ba na cin alade, naman da ba yankan Musulmi ba ma a bar shi, kifi da wake sun ishe ni. Aka amsa da cewa ba matsala. Sai da muka buɗe gangar abinci a masaukin farko muka tarar saƙon bai isa wurin mai haɗa kaya ba. A daji ba kanti, ƙauye ɗaya tak muka ratsa, Carmacks, kusan a tsakiyar hanya. Jagorar ta yi iya yinta, ta ware mini tukunya, tana dafa nawa kafin ta zuba nama, ta kuma sayo kifin gwangwani a Carmacks da kuɗin aljihunta. Amma kafin nan taliya da cuku da alkama na yi ta ci, yajin da na ƙunso ne ya cece ni. Da na koka bayan mun dawo, haƙuri kawai aka ba ni a imel. Mai irin buƙatata ya je ofishinsu kwana ɗaya kafin tashi, ya ce a buɗe gangar ya gani da idonsa.

Ibada kuma sai da shiri. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai bayan sha ɗaya na dare, kuma duhu ba ya rufewa sam, jan shafaƙi na nan har gari ya sake wayewa. Ka tambayi malaminka yadda za ka yi da Isha'i da Asuba tun kana gida, kada ka bari sai kana kan tsibiri. Alƙibla daga can kusan arewa ce sak, abin da ya sa na duba kamfas har sau biyu. Alwala da ruwan kogin kuwa, hannu sai ya yi kamar ba naka ba; jagorar da ta lura sai ta riƙa rage mini ruwan ɗumi a butar shayi ba tare da na roƙa ba.

Dokar beyar, wato ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata da ke iya far wa mutum, ba wasa a cikinta. Akwai baƙar beyar, akwai babbar da ake kira girizli. Girki nesa da tanti, abinci da man goge baki da duk wani abu mai ƙamshi a kulle cikin ganga, har turarena sai da aka karɓe. Kowa da gwangwanin feshin barkono a ƙugu, ko bayan gida za shi. Sawu muka gani a laka, faɗinsa ya fi tafin hannuna, mai sawun dai bai bayyana ba. Galibi a tsibiran tsakuwa muke kwana, inda iska ke kore sauro. Sauron can ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, amma yawansa a cikin kurmi sai ka rantse hayaƙi ne.

Five Finger, da ake ta tsorata mutane da shi, yana ƙasa da Carmacks kaɗan. Manyan duwatsu huɗu ne suka tsaga kogin gida biyar, ana bin hanyar da ke dama can. Mun durƙusa a gwiwa cikin jirgi, ruwa ya watso mana a cinya, kafin ka ce kwabo mun wuce. Laberge ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Fort Selkirk, wani tsohon wurin ciniki a bakin kogin, ya cancanci a kwana, kuma mun kwana. Robert Campbell ya kafa wa kamfanin fataucin fatu na Hudson's Bay wurin ciniki a yankin a 1848, 'yan ƙabilar Tlingit na Chilkat, waɗanda yake neman ƙwace wa kasuwa, suka wargaza shi a 1852. Har yau mota ba ta zuwa. Al'ummar Selkirk, 'yan asalin wurin, su da gwamnatin Yukon ke kula da tsofaffin gine-ginen katako, da coci, da makaranta. A nan muka ji zancen kifin salmon da ke haurowa daga tekun Bering, wanda ya ragu har Kanada da Alaska suka amince a 2024 a dakatar da kamun nau'in Chinook na shekara bakwai. Mutanen da kakanninsu suka rayu da shanya wannan kifi yanzu kallonsa kawai suke yi.

Bayan kogin White ya shigo, ruwan ya koma kalar kunu saboda laka da tokar dutse mai aman wuta, kana jin yashin na shafar cikin kwalekwale, sii-sii. Ruwan sha sai a ƙananan rafuka, a tace. Kogin ya yi faɗi, tsibirai barkatai, kwanakin suka fara kama da juna. A nan gajiya ta kama kowa.

Zan ba wani shawarar ya bi su? E, idan jagorar nan ce ko mai irin halinta, kuma ya tambayi shekarun jagora a kogin kafin ya biya. Wanda hutunsa gajere ne ya fara daga Carmacks, zai samu Five Finger da Fort Selkirk ba tare da wahalar tafki ba, sai dai zai rasa Thirty Mile. A sa a lissafi cewa kuɗin otal, da haraji, da ihsanin jagora ba sa cikin farashin da ke shafinsu, kuma komawa Whitehorse daga Dawson tafiyar sama da kilomita ɗari biyar ce a mota.